Zomon Nan Mai Shuɗiyar Riga, Daga Ina Ya Fito?

Wata mai karatunmu daga Zariya ta rubuto cewa an ba ɗiyarta kyautar kofi da faranti, a jikinsu akwai zanen zomo tsaye da ƙafa biyu, sanye da shuɗiyar riga. Ta sake ganinsa a jikin zanen gado da katin gaisuwa. Tana tambaya ko daga fim ɗin katun aka ɗauko shi, kuma me ya sa ake sa wa dabba tufafi.

Madalla da wannan tambaya, 'yata. Mutane da yawa suna zaton daga katun ya fito, amma zomon nan ya girmi Mickey Mouse da shekara 26. Sunansa Peter Rabbit, wata Baturiyar Ingila ce mai suna Beatrix Potter ta zana shi. A 1893 ta rubuta wa ɗan tsohuwar malamarta wasiƙa, yaro ɗan shekara biyar da ke kwance ba lafiya, ta ba shi labarin zomon haɗe da zane. Da ta so mayar da shi littafi, kamfanoni suka ƙi karɓa, sai ta buga kwafi 250 da kuɗinta a 1901. Shekarar da ta biyo baya kamfanin Frederick Warne ya fitar da shi kasuwa.

Ita da kanta ta buɗe masa hanyar shiga kayan gida. A 1903 ta ɗinka 'yar tsanarsa, ta yi mata rajista a ofishin kare haƙƙin ƙirƙira na Landan, wato inda ake tabbatar wa mutum mallakar abin da ya ƙago. Daga nan aka yi takardar liƙa wa bango da kayan shayin yara, kamfanin tangaran na Wedgwood kuma ya fara sa shi a kwanukansa a 1949.

Batun tufafi kuwa, mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba baƙon abu ba ne a wurinmu dabba ta yi halin mutane. Irin wannan shi ne zanen raha, wanda ake yi don ya sa murmushi. Sai dai kada ki ɗauka aikin wasa ne. Ɗauko kofin ki duba da kyau. Idon yana gefen kai, ƙafafun baya dogaye ne masu ƙarfi, kunnuwa a miƙe kamar ya ji motsi. Cire rigar a zuciyarki, abin da zai rage zomo ne sak. Potter ta yi kiwon zomaye a gida, ta daɗe tana zana su da fentin da ake damawa da ruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne, a cikin labarin, da wani mai lambu ya biyo shi, zomon ya yar da takalmansa, sai ya koma gudu da ƙafa huɗu irin na 'yan'uwansa. Rigar ma a lambun ya baro ta, mai lambu ya rataya ta a jikin mutum-mutumi don korar tsuntsaye.

Wajen wanke kofin kuwa, shafa zanen da yatsa tukuna. In kin ji tudunsa, a saman kofin aka manna shi, saboda haka ki nisanta shi da soson ƙarfe. Ruwan ɗumi da soso mai laushi sun wadatar.