Tafiye-tafiyen Subhas Chandra Bose Lokacin Yaƙin Hitila

In aka ɗauko zancen 'yancin ƙasar Indiya, yawancinmu Gandhi da Nehru kaɗai muka sani. Amma akwai na ukunsu, Subhas Chandra Bose, wanda mutanensa ke kira Netaji, watau jagora. Sau biyu aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar Congress, a 1938 da 1939, sa'an nan suka saɓa da Gandhi ya sauka. Gandhi ya ce a kori Turawan Ingila ba tare da zub da jini ba, shi kuwa Bose ya ga sai an ɗauki bindiga. Mai taswira ya buɗe, mu bi sawunsa.

A watan Janairu 1941 yana tsare a gidansu a Kalkata, 'yan sanda na gadi. Wata rana da tsakar dare ya yi shigar Musulmi, ya laƙa wa kansa suna Muhammad Ziauddin, ɗan wansa ya sulale da shi cikin mota har tashar jirgin ƙasa ta Gomoh. Daga nan sai Peshawar. Da za a ƙetara Afganistan sai ga cikas, ba ya jin harshen Pashto. Sai ya zama kurma kuma bebe, ɗan rakiyarsa na magana a madadinsa. A Kabul ofishin jakadancin Italiya ya ba shi fasfo da sunan Orlando Mazzotta. Da shi ya ratsa Tarayyar Sobiyet, ya isa Balin a watan Afrilu.

A Jamus ya buɗe gidan rediyo mai magana da mutanen Indiya, ya kuma kafa runduna daga sojojin Indiya da aka kama a Afirka ta Arewa. Ya ga Hitila a watan Mayu 1942, amma bai sami abin da ya je nema ba, don Hitila ya ƙi fitowa fili ya goyi bayan 'yancin Indiya. A ganina nan Bose ya yi babban kuskure. Wanda ya raina duk mai launin fata, yaya zai 'yantar da kai?

To, sai tafiyar da ta fi ba ni mamaki. A watan Fabrairu 1943 ya shiga jirgin ruwan Jamus mai tafiya ƙarƙashin teku a Kiel, ya bar matarsa da jaririyarsu a Turai, bai sake ganinsu ba. Suka kewaye Afirka ta kudu. Ƙarshen Afrilu, kudu maso gabas da Madagaska, suka gamu da irin wannan jirgi na Japan. Teku ta yi fushi, a ɗan kwalekwalen roba aka janye shi daga wannan zuwa wancan. Wajen wata uku ke nan a cikin ruwa kafin ya taka ƙasa kusa da Sumatra, ya wuce Tokiyo.

A Singafo ya karɓi ragamar rundunar 'yantar da Indiya a watan Yuli, har da ɓangaren mata. Ran 21 ga Oktoba 1943 ya kafa gwamnatin wucin gadi. A 1944 rundunarsa ta bi Japanawa ta Bama zuwa Imphal, inda yunwa da damina da wutar Turawa suka karya su. Nan ne labarin ya taɓo mu: a kwarin Kaladan wasu sojojin Bose sun yi arangama da runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ke da 'yan Nijeriya da yawa. Ga mutane biyu duk a ƙarƙashin Bature ɗaya, suna harbin juna a dajin da ba na kowannensu ba.

Da Japan ta sallama, Bose ya hau jirgin sama ya nufi Manchuriya. Ran 18 ga Agusta 1945 jirgin ya faɗi a Taipei, ya rasu saboda ƙunar wuta. Indiyawa da yawa sun ƙi yarda. Gwamnati ta sa an bincika har sau uku: biyu suka ce ya mutu a hatsarin, na uku ya ce a'a, gwamnati kuwa ta ƙi karɓar na ukun. Tokar da aka ce tasa ce aka kai wani ɗakin ibada mai suna Renkoji a Tokiyo.