YAUSHE ZA A FARA BA JARIRI ABINCI, KUMA WANE IRI?

Wannan takarda ta masu gida ce, da iyaye mata, da kakanni. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a zaure da cikin gida duka, gama maganar ta shafi kowa.

Ni malamin ɗakin magani ne, na yi fiye da shekara 20 ina wannan aiki a ƙauyuka. Ga abin da na daɗe ina gani. Jariran da a ke kawo mana awo suna 'yan wata 3 ko 4, yawancinsu ɓul-ɓul su ke, gwanin sha'awa. Amma in aka komo da waɗansunsu suna da wata 9 ko shekara guda, sai ka ga sun zube, wuya ya yi tsawo, ciki ya yi tulu, ba wasa sai kuka. In ka tambayi uwar, sai ta ce haƙori ne, ko kuwa bakin mutane ne ya kama shi. Alhali kuwa sau da yawa cutar tana cikin ƙoƙon kunun da a ke ba shi.

WATA 6 NA FARI: NONO KAƊAI

Tun daga ranar haihuwa har yaro ya cika wata 6, nonon uwarsa ya ishe shi ci da sha. Kada a ba shi koko, ko ɗauri, ko madarar shanu, ko da ruwa ma. Na san kakanni su kan ce, "Yaya za a hana ɗan mutum ruwa a wannan zafi na bazara?" Iya, ki kwantar da hankalinki. Nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, ruwa kuwa mai tsabta wanda ƙuda bai taɓa ba. In ana zafi, uwar ce za ta ƙara shan ruwa, ta riƙa ba yaron mama a kai a kai.

Da can a kan ce a fara ba da abinci tun yaro yana wata 4. Amma a shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake duba al'amarin, ta tsai da shawara a kan wata 6, gama an ga yaran da aka bari a kan nono kaɗai har wannan lokaci sun fi tsira daga gudawa. Wannan ita ce ƙa'idar da mu ke bi a ƙasarmu.

DON ME BA ZA A WUCE WATA 6 BA?

Kamar yadda gaggawa ta ke da illa, haka jinkiri ma. In yaro ya cika wata 6 jikinsa ya girma, yana motsi, yana neman rarrafe, nono kaɗai ba ya ƙosar da shi kuma. Ban da haka, akwai wani sinadari mai gina jini wanda yaro ya ke zuwa da guzurinsa daga cikin uwa. Wajen wata 6 wannan guzuri ya kan ƙare, nono kuwa ba shi da shi da yawa, tilas sai an samo shi a abinci. Uwar da ta ce sai ɗanta ya yi haƙora, ko sai ya fara tafiya za ta ba shi abinci, ta bar shi da yunwa ba ta sani ba.

Yaron da ya isa ci ya kan nuna alama. Wuyansa ya tsaya, yana zama in an tokare shi, yana bin loma da ido, yana kai hannu ga kwano.

Amma fa a lura, fara abinci ba yaye ba ne. Daga wata 6 zuwa shekara guda nono ya kan ɗauki rabin bukatar yaro ko fiye, a shekara ta biyu kuma wajen sulusi. Saboda haka a ci gaba da ba shi mama dare da rana har ya cika shekara 2.

KUNU MAI KAURI

To, ga babbar magana, ita ce dalilin rubuta wannan takarda. Cikin yaro ɗan wata 6 ƙarami ne ƙwarai, bai kai cikin kofin shayi ba. In an cika shi da tsinkakken koko, an cika shi da ruwa ke nan. Yaro zai yi gyatsa, ya yi barci, uwa ta ce ya ƙoshi, amma abin da ya shiga jikinsa bai taka kara ya karya ba.

Ni kaina wannan ya taɓa faruwa a gidana. 'Yata ta fari ta yi wata 3 cur nauyinta bai ƙaru ba, ga shi kuwa ni ne mai riƙe da sikeli. Na ba ta maganin tsutsar ciki, na ba ta na ƙarin jini, duk a banza. Ran nan wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta zo mana rangadi, na gaya mata. Ba ta tambayi magani ba, sai ta ce a kawo mata abin da yarinyar ke sha. Ta sa cokali ta ɗebo, ta karkata shi, kokon ya tsiyaye sarai kamar ruwan wanke hatsi. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai za ka iya yin noma da wannan?" Kunya ta kama ni. Tun daga ranar muka sake damu, kafin wata 2 yarinya ta murmure.

Ga gwajin, kowace uwa tana iya yinsa. Ki ɗebi kunun da cokali, ki ɗan karkata shi. In ya zube nan da nan, ya yi ruwa. In ya tsaya a cokalin, yana saukowa a hankali, ya yi daidai.

ABIN DA ZA A ZUBA A CIKI

Gero da dawa da masara suna ba da ƙarfi, amma su kaɗai ba su gina jiki. Kamar gini ne, ƙasa kaɗai ba ta tsai da bango sai an cuɗa ta da ramno. Kullum a ƙara wa kunun yaro ko fatensa abu ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan:

1. Masu gina jiki: ƙwai dafaffe, hanta, naman da aka daka, garin busasshen kifi wanda aka cire wa ƙaya aka tankaɗe, wake da aka surfe aka dafa ya yi luguf, waken suya, markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin ƙuli-ƙuli marar yaji, kindirmo mai tsabta.

2. Masu tsare jiki daga cuta: zogale, alayyafo, kuka, kabewa, karas, gwanda, mangwaro nunanne, ayaba. Ganye a dafa shi, a murje shi sosai.

3. Mai: ƙaramin cokali guda na man gyaɗa, ko man ja, ko man shanu.

Hanta da nama da kifi su ne kan gaba wajen gina jini. Ko kaɗan aka samu, a fara cire rabon yaro.

Akwai kuma gari mai kyau da a ke haɗawa a ajiye. A auna gero gwangwani 6, waken suya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1. A tsince su, a soya kowanne dabam sama-sama, a cire ɓawon waken suyan da na gyaɗar, a haɗa a niƙa, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. Kullum a ɗebi na damu ɗaya a dafa shi sosai. Sai dai a kula, gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna guba ce ga hanta, a zubar da ita.

Waɗansu suna cewa in an ba yaro ƙwai zai yi sata. Jama'a, ɓarayi nawa ne aka kama waɗanda ba su ci ƙwai da ƙuruciya ba? Tarbiyya ce ke hana sata. Ƙwan kaza ko na zabo, a dafa shi ya dahu sarai, a murje a ba yaro tun daga wata 6.

SAU NAWA, KUMA KAMAR YAYA?

Wata 6 zuwa 8: sau 2 ko 3 a yini. A fara da babban cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofin shayi. Abincin ya zama mai laushi, murjajje.

Wata 9 zuwa 11: sau 3 ko 4 a yini, rabin kofi kowane ci. Yanzu ana iya ba shi tuwo mai laushi da miya, faten wake, faten dankali, da 'yan yanka masu taushi da zai ɗauka da hannunsa.

Shekara 1 zuwa 2: sau 3 ko 4 a yini, kusan kofi guda, daga abincin gida. A tsakani a ba shi abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, kamar ayaba ko ƙosai.

A ba yaro nasa kwano dabam, don a san abin da ya ci. In an haɗa shi da yayyensa a akushi ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun suɗe. A ɗebi miyarsa tun ba a zuba barkono da gishiri mai yawa ba. Tun da ya fara cin abinci, a riƙa ba shi tafasasshen ruwa a kofi bayan ci.

A BAR ƊURA

Al'adar nan ta kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara kunu a tafin hannu a ɗura masa, mugun abu ne. Yaro yana kuka yana neman numfashi, sai kunun ya bi hanyar iska ya faɗa huhu. Daga nan sai tari da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari, wani ma nan take ya kan shaƙe. Na ga wanda aka kawo mana a guje bayan ɗura, bai kwana ba. Ɗura ce kuma ta ke sa a tsinka kunu, gama mai kauri ba ya ɗuruwa.

A zaunar da yaro, a fuskance shi, a ba shi da cokali, ana yi masa wasa. In ya tofar da sabon abinci, ba ƙi ya yi ba, baƙo ne a bakinsa. A sake gwadawa gobe da jibi. Sannu ba ta hana zuwa.

TSABTA

Gudawar da a ke ɗora wa haƙori, mafi yawa daga ƙazanta ta ke. Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro ke rarrafe yana kai kome baki, shi ne kuma lokacin fara abinci. Uwa ta wanke hannu da sabulu kafin girki, da kafin ciyarwa, da bayan ta wanke wa yaro kashi. A wanke hannun yaron shi ma. A yi aiki da kofi da cokali, ban da bulumboti, gama ba ya wankuwa sosai. Kunun da ya wuce awa 2 a ajiye kada a ba yaro, a dama sabo.

ABIN DA BA A BA YARO

Zuma, sai ya cika shekara guda, domin ta kan ɗauki ƙwayar wata cuta mai shanye jikin jariri. Shayi da lemon kwalba da alewa, suna kashe masa cin abinci. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, da aya, da gugguru, suna shaƙe ƙananan yara. Madarar shanu wadda ba a tafasa ba.

IN YARO BA SHI DA LAFIYA

Kada a hana shi nono ko abinci don yana gudawa. A ƙara ba shi mama, a ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti da ƙwayar zinki, a lallashe shi ya ci kaɗan kaɗan. In ya warke, a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako 2, don ya mai da abin da ya zube.

A riƙa kai shi awo kowane wata. Daga wata 6 a ke fara ɗiga masa bitamin A, a wata 9 kuma a yi masa allurar ƙyanda. In an ga nauyinsa ya tsaya, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zuba, ko ya ƙi ci sam, tamowa ce ta ke shigowa, a kawo shi ran nan. Kumburin nan ba ƙiba ba ce. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wannan ciwo a ƙasar da a ke kira Gana yanzu a 1933, a jikin yaran da aka yaye a kan kunun masara zalla. Sunan da mutanen wurin su ke kiransa da shi, watau kwashiyoko, ma'anarsa ciwon yaron da aka ture saboda an yi masa ƙane. Don haka yaye a yi shi sannu a hankali, bayan yaro ya saba da abinci. A bar shafa wa mama maɗaci a kai yaro gidan kaka rana ɗaya.

GA MAIGIDA

Malam, kada ka ce wannan sha'anin mata ne. Mace ba ta dafa abin da ba a kawo mata ba. Da kaka, kafin ka kai wake da gyaɗa kasuwa, ware na yaro ka ajiye, gama da damina ne, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, tamowa ta fi kama yara. In kaji sun yi ƙwai, kada a sayar duka. Dasa zogale da gwanda a bayan gida inda ruwan wanka ke bi. Ran kasuwa ka sayo 'yar hanta ko busasshen kifi. Kuɗin waɗannan duka bai kai na jinyar mako guda a asibiti ba.

TAMBAYOYI

1. Wata nawa yaro zai yi yana shan nono kaɗai?
2. Yaya a ke gane kunu ya yi kaurin da ya kamata?
3. Faɗi abu uku da ke gidanku yau waɗanda za a iya zubawa a kunun yaro.
4. Mene ne haɗarin ɗura?

Wanda bai gane wani abu a cikin takardan nan ba, ya zo ɗakin magani ran awo ya tambaya. Uwa kuma ta zo da ɗan kunun da ta ke ba ɗanta, mu gwada shi da cokali tare. Allah ya raya mana zuriya.