Jado, Garin da Ya Zama Kufai

Ka san gishirin Bilma da ake kawowa kasuwanninmu na Alakos da Gure? To, in ka wuce Bilma ka miƙe arewa, can cikin jihar Agadas wajen iyakar Libiya, za ka tarar da wani tsohon gari. Sunansa Jado.

An gina Jado bisa tudun dutse, da laka da duwatsu. Ɗakuna sun hau kan juna, lunguna kuwa matsattsu ne. Daga nesa sai ka ce gidan gara. Gindin tudun akwai ruwa kwance, ga itatuwan dabino. Amma in ka yi sallama, ba mai amsa maka. Kufai ne.

A da can, Barebari ne ke zaune ciki, ƙarƙashin sarautar Kanem da Borno. Garin yana bakin hanyar ayari wadda ta tashi daga Tafkin Cadi ta nufi Fazzan da Tarabulus. Fatake kan yada zango nan, su shayar da raƙuma, su sayi dabino. Har bayi ma ta wannan hanya ake kora su arewa.

To, me ya kashe garin? Na ɗaya, hari. Da ƙarfin Borno ya ragu a ƙarni na 18 da na 19, mahara suka dinga faɗa wa garuruwan Kawar. Na biyu, sauro. Ruwan nan da ya raya garin, shi ne ya zama gidan sauro, zazzaɓi ya addabi mutane. Na uku, ayari ya daina bin hanyar, ciniki ya mutu. Sannu sannu mutane suka watse. Yanzu jama'ar yankin suna zaune a Shirfa, kusa da kufan. Tubawa kuwa kan zo lokacin yanke dabino.

A shekarar 2014 aka sake jin sunan Jado, don an samu zinariya a yankin. Samari dubbai suka ruga can. Wasu sun samo, wasu sun dawo hannu wofi.

Ka ga, ganuwa ba ta riƙe gari ita kaɗai. Sai da zaman lafiya, da lafiyar jiki, da abin sana'a.

Tambayoyi
1. Ina ne Jado yake?
2. Faɗi abubuwa uku da suka watsa garin.
3. Akwai kufai kusa da garinku? Tambayi tsofaffi dalilin tashinsa.