Sussan Deyhim da waƙar Sufayen Farisa a kunnen Turawa

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na wannan fitowar ya tsaya ne a kan tambaya guda: idan mawaƙi ya kai waƙa gaban mutanen da ba sa jin yarensa, me ke isa gare su, me kuma ke zubewa a hanya? Na zaɓi mu duba ta ta hanyar aikin wata mawaƙiya 'yar Iran, Sussan Deyhim, wadda ta kwashe fiye da shekara 40 tana rera waƙar Farisa a zaurukan Turai da Amurka.

An haife ta a Tehran a ƙarshen shekarun 1950, kuma da rawa ta fara. A 1976 ta samu gurbin karatu a makarantar Mudra da ke Brussels ta ƙasar Beljiyam, wadda shahararren mai tsara rawa ɗan Faransa, Maurice Béjart, ya kafa. Tana waje juyin juya halin 1979 ya faru a gida, aka hana mace rera waƙa ita kaɗai a gaban maza. A 1980 ta koma New York, ta ajiye rawa ta kama murya. Can ta haɗu da Richard Horowitz, makaɗi Ba'amurke da ya daɗe a Maroko yana koyon kiɗan ƙasar, suka fitar da faifan Desert Equations a 1986.

To kafin mu je gaba, sai mun san kayan da ta ɗauko, don ba ƙaramin kaya ba ne. Kiɗan gargajiya na Farisa yana tafiya ne a kan wani tsari da suke kira radif, wato taskar gajerun karin waƙa sama da 250 da almajiri ke haddacewa daga bakin malaminsa, shekara da shekaru. An rarraba su gida 12: manya 7 da ake kira dastgah, da ƙanana 5 da ake kira avaz. Sai mutum ya haddace sannan ake sakar masa mara ya ƙirƙiri nasa nan take a gaban jama'a. A 2009 hukumar UNESCO ta sanya radif cikin jerin gadon al'adun duniya.

Abu biyu ne a ciki ke ba kunnen Bature wahala. Na farko, wasu sautukan Farisa suna faɗawa ne a tsakanin maɓallai biyu na piyano da ke maƙwabtaka, inda babu maɓallin da za a danna. Wanda ya tashi da piyano sai ya ɗauka mawaƙin ne ya kauce, alhali daidai yake. Na biyu shi ne tahrir, wata karkarwar murya da mawaƙi ke yi, yana tsalle da sauri tsakanin muryar ƙirji da siririyar muryar sama. Idan ka fara ji za ka ce kuka ne ya ci ƙarfin mutum. Ba kuka ba ne, horo ne na shekaru.

Baitocin kuwa na manyan sha'irai ne, irin su Maulana Jalaluddin Rumi, wanda aka haifa a 1207 ya rasu a Konya ta Turkiyya a 1273, da Sa'adi na birnin Shiraz, mai littafin Gulistan. Mu nan abin bai kamata ya zame mana baƙo ba. Gangar daf da Sufayen can ke kaɗawa 'yar'uwar bandirin Ƙadirawa ce, kuma Shehu Abdulƙadir Jilani kansa ana danganta shi da yankin Gilan na Iran. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake bege ya san yadda kiɗa da baiti ke taruwa su ɗaga mutum.

Wannan gadon ne Deyhim ta sa a faifanta na 2000, Madman of God, sunan da a ganina ya fi kusa da abin da 'yan ɗariƙa ke kira majazubi. Abin lura shi ne abin da ta taɓa da abin da ta bari. Baitocin Rumi da Sa'adi da Jami ta bar su da Farisanci, ba ta fassara ba. Karin waƙar ma tsofaffi ne. Abin da ta sauya shi ne shimfiɗar da suke zaune a kai. Ta ɗauki muryarta sau da yawa ta jera wata kan wata, har ta zama ita ce mai bayarwa, ita ce 'yan amshi. Ta kuma gayyato makaɗa irin su Reggie Workman, tsohon makaɗin jaz da ya yi aiki da John Coltrane. Dabarar a fili take: Bature ya ji wani abu da kunnensa ya saba da shi a ƙasa, sai ya saki jiki ya saurari baƙon abin da ke sama. A 2002 Bill Laswell ya sake sarrafa faifan da na'ura, ya fito da sunan Shy Angels. Ni dai na farkon ya fi kwanta mini, don a na biyun kiɗan yakan so ya danne baitin.

Sai dai fa a nan gizo ke saƙar. Mai sauraro a Paris ko Landan ya ji murya ta ratsa shi, ya yi tafi, ya tafi gida, amma bai san cewa "masoyi" da "giya" da "maye" a bakin waɗannan sha'irai ishara ce zuwa ga son Allah ba. Wasu sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi ta hanyar fassara, sai aka faɗa wata matsalar. Littafin The Essential Rumi na Coleman Barks, wanda ya fito a 1995, ya sa Rumi ya shiga sahun sha'iran da aka fi sayen littattafansu a Amurka. Amma Barks ba ya karanta Farisanci, daga tsofaffin fassarorin Ingilishi ya yi aiki, kuma masana da dama sun koka cewa ambaton Alƙur'ani da Musulunci ya ragu ƙwarai a hannunsa. Rumi kuwa malamin fiƙihu ne, mai wa'azi. Idan aka ce in zaɓa, hanyar Deyhim zan ɗauka. Wanda ya saurare ta ya san akwai abin da bai gane ba, yana iya tashi ya nema. Wanda ya karanta fassarar da aka tankaɗe kuwa, gani yake ya gama ganewa.

Wannan magana ta shafi abokanmu da ke haɗa kiɗa da kwamfuta a ɗakunan kwana, masu ɗora bege ko tsohuwar waƙar Hausa a kan kiɗan zamani suna fatan a ji su a waje. Shimfiɗa kam a sauya ta yadda ake so. Amma wanda bai zauna ya koyi karin ba, wallahi na'ura ba za ta rufa masa asiri ba.

Muryar Deyhim ta shiga finafinai kamar The Kite Runner na 2007 da Argo na 2012, inda galibi ake amfani da ita don a ba mai kallo ƙamshin Gabas na 'yan daƙiƙu. Wannan bai burge ni sosai ba. Aikinta da ya fi amsa tambayar da muka fara da ita shi ne Turbulent, wani gajeren bidiyo mara launi da Shirin Neshat, ita ma 'yar Iran mazauniyar Amurka, ta shirya a 1998, wanda ya taimaka mata ta samu babbar lambar yabo a bikin baje kolin fasaha na Venice ta Italiya a 1999.

Allo biyu ake kafawa suna fuskantar juna, mai kallo yana tsakiya. A ɗaya, namiji ne yake rera baitin Rumi a zauren da ya cika da maza, ya gama aka yi masa tafi. A ɗayan, Deyhim ce tsaye cikin baƙin mayafi a zauren da babu kowa sai kujeru. Da ta buɗe baki, babu kalma ko ɗaya, ba Farisanci, ba Ingilishi. Gurnani ne, da nishi, da ƙara, da numfashi, muryar tana ninkuwa tana amsa kanta. Namijin nan da aka gama yi wa tafi sai ya tsaya cak a allonsa yana kallonta, har ta yi shiru, ba wanda ya tafa.