Darasi: Ƙaurar da raƙuman dawa daga Kure zuwa Gadabeji

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, ku sani raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma, wanda a da yake yawo daga Senegal har zuwa tafkin Cadi, a yau babu inda ya saura a daji sai ƙasarmu Nijar. Farauta da fari da saran itace suka cinye shi, har a 1996 waɗanda suka rage ba su wuce kimanin 50 ba, dukkansu a yankin Kure, kusan kilomita 60 daga Yamai. Da hukuma da mutanen ƙauyuka suka tsare su, sai suka hayayyafa har suka haura 600 kafin 2018.

To, me ya sa za a ɗauke wasu, alhali suna ƙaruwa? Domin duk wanda ya tara dukiyarsa a rumbu ɗaya, gobara ɗaya ta ishe shi. Annoba guda tana iya shafe garken baki ɗaya. Ga shi kuma Kure ba gandun daji killatacce ba ne: raƙuman suna zaune ne cikin gonakin jama'a, suna cin wake da mangwaro, motoci kuma suna buge su a hanyar Doso. Manomin da aka cinye wa wake yana da hakki, kada mu raina kukansa.

Saboda haka a watan Nuwamba na 2018 aka kama raƙuma 8, mata 5 da maza 3, aka kai su gandun Gadabeji da ke yankin Dakwaro, jihar Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 800. An kafa wannan gandu tun 1955, amma raƙumin dawa ya yi kusan shekara 50 da ɓacewa daga cikinsa. Aikin yana da haɗari: ana harbin dabbar da allurar barci, a gaggauta ba ta maganin farfaɗowa domin kada ta mutu, a rufe mata idanu, sannan a tsare ta makonni cikin shinge har ta natsu kafin a ɗora ta a babbar mota. A 2022 an ƙara kai mata 4, kuma an sami haihuwa a can. Sai dai a yi haƙuri, domin cikin raƙumar dawa wata 15 ne, kuma ɗa guda take haifa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga musulmi. Suratu Hud ta ba mu labarin yadda aka umurci Annabi Nuhu (AS) ya ɗauki namiji da mace daga kowane jinsi cikin jirgi. Manzon Allah (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar (RA) kuma ya keɓe Rabaza. Malamai suna kiran wannan hima, sun kuma sharɗanta ya kasance don maslahar jama'a, ba tare da ƙuntata wa talaka ba. A nan ne nauyin yake: Gadabeji ƙasar kiwo ce ta Fulani da Buzaye. Idan an saurare su game da ruwa da ciyawa, su ne za su fara ganin mafarauci kafin ma'aikacin gandun daji ya gan shi.