Darasin Lafiya: Kwaroron Roba a Gidan Ma'aurata Masu Bi

 Darasinmu na wannan fitowa yana da nauyin faɗa, amma shiru a kansa ya riga ya mai da mata da yawa gwauraye, ya bar yara marayu. Muna roƙon fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar mata su karanta shi a ƙungiyoyinsu, maza daban, mata daban.

Karatu: 1 Korintiyawa 6:19-20 da Afisawa 5:25-29.

Inda muka tsaya

Koyarwar ikilisiya ba ta sake ba. Saurayi da budurwa su kame kansu har ranar aure, miji da mata kuma su riƙe amanar juna. Wannan ita ce kariya mafi ƙarfi. Sai dai akwai gidajen da cuta ta riga ta shiga. Wani ya ɗauko ta kafin ya tuba, wani a wurin cin rani, wata ta wurin ƙarin jini ko mijinta na fari, wani kuma da ita aka haife shi. Domin irin waɗannan gidaje muka shirya wannan darasi.

A 1986 aka fara ba da rahoton cutar kanjamau a Nijeriya. A 2001 gwajin mata masu juna biyu ya nuna kusan 6 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayar HIV. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna adadin ya sauka zuwa 1.4 cikin 100 na manya masu shekara 15 zuwa 49, an kuma kiyasta mutum wajen miliyan 1.9 suna rayuwa da ita. An ci gaba, amma miliyan 1.9 ba ƙaramin taro ba ne, kuma wasunsu suna zaune tare da mu a benci ɗaya ran Lahadi.

Yadda kwaroron roba yake aiki

Ƙwayar HIV tana cikin jini, maniyyi, ruwan gaban mace da nonon uwa. Ba ta bin gaisuwa, cin abinci a kwano ɗaya, ƙoƙon Jibin Ubangiji ko cizon sauro. Kwaroron roba shinge ne da yake hana ruwan jikin ɗaya taɓa ɗayan a lokacin saduwa. A gidajen da ɗaya yana da HIV ɗayan ba shi da ita, amfani da shi a kowace saduwa yana rage haɗarin da kamar kashi 80 cikin 100. Yana kuma tare ciwon sanyi, wanda yake toshe hanyar haihuwar mace, yana iya makantar da jariri. Yana rage haɗarin ciwon hanta nau'in B da tunjere, cutar da take kashe ɗa a ciki. Cututtukan da suke fitowa kamar gyambo ko ƙuraje a fata, kariyarsa a kansu ba cikakkiya ba ce, domin gyambon yana iya kasancewa inda robar ba ta rufe ba.

Su wane ne suke bukatarsa?

1. Ma'auratan da ɗaya yana da HIV, ɗayan ba shi da ita.
2. Ma'auratan da ake yi wa ɗayansu jinyar ciwon sanyi ko tunjere. Ya fi kyau su haƙura da juna har dukansu biyu su gama shan magani.
3. Wanda ya karya alkawarin aure, ya tuba. Gafarar Allah tabbatacciya ce, amma ƙwayar cuta ba ta fita daga jini domin an tuba. Gwajin da aka saba yi yana iya ɗaukar har wata 3 kafin ya nuna ta, saboda haka a kiyaye matar ko mijin har a sake gwaji.
4. Gwauruwa ko gwauron da zai sake aure ba a yi gwajin jini ba tukuna.

Yadda ake amfani da shi

1. A duba ranar ƙarewar aikinsa a jikin takardar. In ta wuce, ko takardar ta huje, a yar.
2. A yaga takardar da yatsu. Haƙori, reza da farce suna huda robar.
3. A sa shi bayan gaban namiji ya miƙe, tun kafin jiki ya taɓa jiki. A matse ɗan bakinsa don iska ta fita, sa'an nan a warware shi har ƙasa. In aka fara sa shi a juye, a ɗauki sabo.
4. Kada a shafa masa basilin, man gyaɗa, manja, man kaɗanya ko man shafawa. Mai yana cin roba nan da nan. Akwai mai santsi na ruwa da aka yi musamman domin wannan, a tambaya a asibiti.
5. Bayan an gama, namiji ya riƙe gindin robar ya janye tun gabansa bai kwanta ba. A ɗaure, a jefa a masai, inda yara da awaki ba za su kai ba.
6. Kowace saduwa da sabo. Ba a wankewa, ba a sa biyu a haɗe, gama gugar juna tana fasa su.
7. A ajiye shi a inuwa. Zafin ɗakin kwano da aljihun wando suna lalata shi.

Akwai kuma na mata, wanda mace take sawa da kanta, ko da sa'o'i kaɗan kafin saduwa. Ma'aikaciyar jinya za ta nuna yadda ake sa shi. Ba a haɗa na mace da na namiji a lokaci ɗaya.

In ya fashe, ɗaya kuma yana da HIV, a je asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai maganin da yake hana ƙwayar kama jiki in an fara shi cikin sa'o'i 72, ana sha kwana 28.

Shinge da magani suna tafiya tare

A 2006 gwamnatin tarayya ta fara ba da maganin rage ƙarfin HIV kyauta a asibitocinta. Yanzu an tabbatar cewa wanda yake shan maganinsa kullum har gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa ba ya sa wa matarsa ko mijinta HIV ta wurin saduwa. Kaiwa wannan matsayi yakan ɗauki har wata 6, kuma gwajin asibiti ne kaɗai yake tabbatar da shi. Kafin nan kwaroron roba ne mai tsaron gida. Ma'auratan da suke son haihuwa su nemi shawarar likita. Ba tare da magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 sukan ɗauki ƙwayar daga uwa. Da magani, adadin yana sauka ƙasa da 5.

Magana ga maza

Mun san matar da ta ce, "Maigida, mu je a gwada mu," takan sha zargi, wani lokaci har da duka. Saboda haka nauyin fara maganar yana wuyanku. Manzo Bulus ya ɗora ƙaunar miji a kan ma'aunin yadda Kristi ya ba da kansa domin ikilisiya. Mijin da ya san halin da jininsa yake ciki ya ɓoye, ya ƙi ɗaukar shinge domin ba ya jin daɗinsa, ya sayar da ran matarsa a kan daɗin minti kaɗan. Mu kuma sauran jama'a, mu kame bakinmu. Tsoron tsegumi ne yake hana mutane da yawa zuwa gwaji.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me yake hana ma'aurata a ƙauyenmu zuwa gwajin jini tare?
2. Matar da mijinta ya ƙi gwaji, wurin wa za ta kai kukanta a ikilisiyarmu, asirinta kuma ya rufu?
3. Wane asibiti ne mafi kusa da mu da ake gwaji da ba da magani, kuma yaya za mu taimaki marasa kuɗin mota?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu zuciyar faɗa wa juna gaskiya, ka warkar da marasa lafiyarmu, ka kiyaye gidajenmu. Cikin sunan Yesu, amin.