Ƙaya Mai Albarka da Ciwon Ciki

A ƙasashen yankin Bahar Rum, tun daga Fotugal har Turkiyya, akwai wani ɗan tsiro mai fure rawaya, ganyensa gashi-gashi, bakin ganyen kuma duk ƙaya. Masana suna kiransa Cnicus benedictus, Turawa kuma suna ce masa ƙaya mai albarka. Maganinsa yana cikin ɗacinsa. Da ɗaci ya taɓa harshe sai yawu ya tsinke, ciki ya soma fitar da ruwan da ke narka abinci. Duk wanda ya taɓa tauna ɗanyar shuwaka ya san wannan, kuma ai su biyun 'yan dangi ɗaya ne. Ɗacin tsiron nan ne ya sa kwamitin masana magungunan ganye da gwamnatin Jamus ta kafa a 1978 ya yarda a sha shi don abu biyu kacal: rashin cin abinci da rashin narkewarsa, irin mai zuwa da kumburin ciki da yawan gyatsa. Ma'aunin da suka sa giram 4 zuwa 6 ne na busasshen ganye a yini. Ana jiƙa shi a ruwan zafi, a tace, a sha kafin cin abinci.

Wani zai ce ai ya fi haka, tunda mutanen Turai na da sun sha shi har don annoba. Sun sha ɗin, amma annobar ba ta fasa kashe su ba. Daɗewar magani a hannun mutane dalili ne na a bincike shi, ba shaida ba ce cewa yana warkar da kome. Wani kuma zai ce ganye ne, ba ya cutarwa. Wannan maganar ce ta fi haɗari. Idan aka zarce giram 5 a kofi ɗaya, yana iya tayar da zuciya har a yi amai. Mai gyambon ciki kuwa, da ma ruwan cikin ne ke cin sa, don haka abin da zai ƙara ruwan nan ƙara masa wuta zai yi. Mai juna biyu ma ta bar shi.

Ba kowane ciwon ciki ba ne na rashin narkewa. Idan bayan gida ya koma baƙi ƙirin, ko ana amai da jini, ko mutum yana ramewa ba dalili, ko ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a ajiye jiƙo a nufi asibiti.